Kafin ka bar yaro ya hau poto: yadda nake koyar da aikin layin kuran a Damagaram

Ranar da aka fara haɗa ni da yara shida aka ce in koya musu aikin layin kuran, wato wutar lantarki, wankin igiya na sa su. Sun zo da zumuɗi, kowa yana hango kansa a saman poto da hular kwano, mutane na kallo daga bakin titi, sai ga su a gindin dogon yaro da bokiti. Wani mai baki a cikinsu ya ce, "Shef, mu fa ba wanki ya kawo mu ba." Na ce ya bi igiyar da ke hannunsa da yatsa, taƙi bayan taƙi, ya faɗa mini inda ta lalace. Ya bi ta har ƙarshe, ya ce lafiyarta lau. Na karɓa na lanƙwasa ta kusa da ƙugiya, inda gefen siminti ya cinye zaren, na ce masa wannan ce za ta riƙe ka gobe a sama, mita tara daga ƙasa. Bai sake magana ba har la'asar.

Na haura shekara ashirin ina aikin layi tare da kamfanoni masu zaman kansu da ke karɓar aikin kafa poto da jan waya, cikin garin Zinder da ƙauyukan hanyar Miriya, Magarya da Tanut. Wannan rubutu don kai ne da aka ɗora a kan ekip, ko aka turo maka ƴan koyo aka ce ka yi musu horo, alhali ba wanda ya taɓa koya maka yadda ake koyarwa. Ni ma haka aka yi mini.

Tun a zaɓen yara ake fara kuskure. Za a kawo maka ɗan wane da ƙanen wane, ba za ka iya korar kowa ba, amma akwai abu uku da ba na sassauci a kansu. Yaron da ke shan taramol ko wata ƙwaya don "ƙarfin aiki" ba ya hawa mini poto, ko ɗan sarki ne. Wanda ba ya bambance launin waya, sai a nema masa wani aiki a ƙasa. Na uku shi ne wanda ba ya jin tsoro ko kaɗan. Mai rawar ƙafa a tsani ba ya damuna, cikin sati biyu zai saba. Wanda ke hawa yana fito yana ɗaukar hoton kansa da waya, shi nake sa wa ido. Idan da hali a kai su likita ya duba ido, kunne da zuciya kafin a fara, kuma a tambaya ko akwai mai farfaɗiya, a tambaya a keɓe don kada a kunyata shi.

Watan farko gaba ɗaya a ƙasa yake. Su san sunan kowane kayan aiki da inda yake kwana, su iya ƙulli uku ko huɗu ido rufe, su iya aika wa na sama kaya a jaka da igiya ba tare da jifa ba, su daina tsayawa daidai ƙarƙashin mai aiki. Filaya ɗaya in ta suɓuce daga sama ta isa ta fasa kan mutum. Su kuma yi haƙa. Ƙa'idar da muke bi ita ce zurfin rami ya zama kashi ɗaya cikin goma na tsawon poto, a ƙara rabin mita: poto mai mita 9 yana son rami mita 1 da santimita 40, mai mita 12 kuma mita 1 da 70. A takarda abin da sauƙi. A Zinder, inda za ka sari ƙasa kamu biyu ka ci karo da dutse, nan ake gane hali. Yaro zai gaji ya ce "Shef, ya isa haka," ya tara ƙasa a gindi don a ga kamar ya shige. Ka riƙe sandar awo a hannunka, ka sa ta a kowane rami da kanka. Poton da aka yi wa rowar rami ba ya faɗuwa a ranar, yana jiran iskar farkon damina, ko ranar da wani ya hau ya kwance wayar da ke riƙe da shi.

A cikin wannan watan nake zaunar da su in yi musu bayanin kuran, ba da dogon faransanci ba, da lissafin da za su riƙe. Wutar gida bolt 220 ce, tsakanin wayoyi biyu masu wuta kuma 380. Layukan da ke ciyar da taransifoma a gari bolt 20,000 ne, waɗanda ke fita ƙauyuka da yawa 33,000, babban layin da ke shigo mana daga Katsina ta Gazawa kuma 132,000. Yara kan ɗauka wutar gida wasa ce, don kowa ta taɓa fizgarsa a jikin firiji. Sai in ɗauko ƙwan fitila irin na da, mai wat 60, in ce wannan yana jan miliamfa wajen 270, miliamfa kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke ratsa abu. Daga miliamfa 10 zuwa sama hannun mutum kan damƙe waya ya kasa saki, daga 30 numfashi na iya tsayawa, abin da ya haura haka kaɗan yana rikita bugun zuciya. Wato abin da ke kunna ƙwai ɗaya ya ninka abin da ke kashe mutum sau da yawa. Ga gumi kuma. Jikin da ya jiƙe sharkaf a watan Afrilu, wuta ta fi samun hanya a cikinsa fiye da busasshen jiki.

Babban layi ba ya jira ka taɓa shi, yana tsallako iska ya same ka. Don haka nake zana musu layi a ƙasa da sanda. Wanda bai da horo ba ya kusantar waya mai rai ƙasa da mita 3 idan ƙarfinta bai wuce bolt 50,000 ba, mita 5 idan ya wuce. Kuma ba jikinka kaɗai ake aunawa ba, har abin da ke hannunka: tsani, rodi, wayar da kake warwarewa, hannun motar ɗaga kaya. Zobe, agogo, sarƙa, duk a cire a bar a mota. Wasu suna zuwa da laya ko guru, suna cewa an haɗa musu maganin ƙarfe. Ba na gardama da imanin kowa, abin da nake cewa kawai shi ne in akwai ƙarfe a jikinsa a cire, kuma ban taɓa ganin gurun da ya maye gurbin safar hannu ba.

Yanzu ga zuciyar aikin, wato kulle layi kafin a taɓa shi. Layin na NIGELEC ne, kamfanin wutar ƙasar Nijar, su ke ba da izinin kashe shi, kuma akwai takardar da ake sa wa hannu tsakanin wanda ya kulle da shugaban aikin. Ba a hawa da "an ce an kashe". Matakan biyar ne, kuma jerinsu ba ya canzawa. Da farko a raba layin da duk inda wuta ke iya shigo masa, rabuwar da ido ke gani. Sai a sa kwaɗo a kan makunnin da allon gargaɗi, mabuɗi ya shiga aljihun wanda ya kulle. Sai a je wurin aikin a tabbatar layin da aka kashe shi ne wanda za a hau, a bi lambar poto da taswira, don akwai wuraren da layi biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar tagwaye. Sai a gwada da na'urar da muke kira VAT, mai nuna ko akwai wuta a waya, a kan doguwar sandarta, kowace waya ita kaɗai. A gwada na'urar kanta kafin a fara, a sake gwada ta bayan an gama, don na'urar da batirinta ya mutu ita ma shiru take yi, kamar layin da ba wuta. Na biyar, a ɗaure layin da ƙasa a kuma haɗe wayoyin da juna, a gaba da bayan wurin aiki, inda mai aiki zai ɗaga kai ya hango su. Ɓangaren ƙasa ake fara ɗaurawa sannan a kai sama. Wajen cirewa a fara da sama, ƙasa ce ƙarshe.

Ina sa yara su maimaita wannan a filin horo sau talatin, sau arba'in, a kan layin da bai taɓa ganin wuta ba, har su gundura. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, a kwance komai a koma farko, ko da rana ta take. Kuma ina nuna musu matsalar ƙasarmu: yashi busasshe da dutse ba sa karɓar wuta da kyau, don haka ba a soka turken ƙasa kamu ɗaya a ce an gama. A nemi wuri mai laima, a buga shi ya nutse sosai, a goge tsatsar bakin maƙalin.

Dalilin da ya sa nake tsananta mataki na biyar, ga shi. Ina da shekara ashirin da biyu, ina ɗan koyo a hannun wani dattijo da ya ƙware ƙwarai, mutumin da ya fara hawa poto tun ban san hannun damana ba. Aka tura mu gyaran waya a wata unguwa, an kashe layi, an kulle, an gwada, ba wuta. Kayan ɗaure layi da ƙasa suna cikin mota, motar kuma ta tsaya nesa saboda lungu. Ni aka ce in ɗauko, na manta, na tuna muna gindin poto. Ya dube ni ya ce aikin minti goma ne, mu yi mu wuce. Na san ba daidai ba ne. Bakina ya yi nauyi, don a gidanmu ba a koya mini in ce wa sa'an ubana "a'a" ba. Yana sama yana ɗaure waya, wani mai gidan burodi a can bayan layi ya gaji da jira ya tayar da gurup ɗinsa, wato janareta, gurup ɗin kuwa an haɗa shi kai tsaye da wayar gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin gari ba. Wuta ta biyo waya ta dawo baya. Ƙara ɗaya na ji. Ɗamara ce ta riƙe shi, Allah Ya sa da sauran kwana, amma yatsu biyu na hannun dama ba su sake aiki ba, kuma bai ƙara hawa poto ba. Da na je duba shi a likita bai zarge ni ba, cewa ya yi, "Yaro, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na amsa da "haka ne, Baba," amma na san tafiyar minti biyar zuwa mota ce ta raba mu da wannan tsautsayin.

Yau haɗarin ya fi na wancan lokaci yawa. Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024 da aka maido, gurup da faifan sola suka ƙaru a shaguna da gidaje, kuma ba duka aka haɗa bisa ƙa'ida ba. Ka fahimtar da yaranka cewa taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauke 20,000 zuwa wutar gida, haka za ta ɗauki wutar gurup ɗin mai ƙanƙara ta ɗaga ta zuwa dubbai a kan layin da kake zaton matacce ne. Gwaji yana faɗa maka halin layi ne a daidai lokacin da ka gwada. Abin da zai faru bayan minti biyar, ɗaurin ƙasa ne kaɗai ke tsare ka daga shi.

Saboda wannan labarin, darasin da na fi ɓata wa lokaci shi ne koya wa yaro ya ce "tsaya". Mu Hausawa mun taso da kunya da girmama na gaba, abu ne mai kyau a zaure, amma a gindin poto yana kashe mutane. Faɗa da baki cewa "kowa na da ikon tsayar da aiki" ba ya isa, za su gyaɗa kai ne kawai. Abin da nake yi, a filin horo nakan yi kuskure da gangan. In ɗauki tsani in nufi poto ba tare da na gwada layi ba, ko in fara maƙala waya a sama kafin ƙasa, ina satar kallonsu. Ranar farko duk sukan yi tsit, suna kallon juna. Sai in sauko in tambaye su ɗaya bayan ɗaya: ka gani? Na gani, Shef. Me ya hana ka magana? Sai sunkuyar da kai. In ce to yau kun yi jana'izata, gobe sai ku je ku yi wa iyalina bayani. Bayan kwana biyu in sake. Duk wanda ya fara ɗaga murya ya ce "Shef, tsaya!", a gaban kowa nake gode masa, shayin ranar kuma ni ke saye. In ka taɓa hantarar yaro sau ɗaya don ya tsayar da kai, ko da shi ne bai fahimta ba, ka rufe bakin sauran biyar har abada.

Manyan ma'aikata sun fi yara wahalar sha'ani a nan. Sabo turken wawa: mutum ya yi shekara goma sha biyar yana taɓa waya da bayan hannu don ya ji ko da wuta, bai mutu ba, ya ɗauka gwaninta ce. Yaro kuwa abin da ya ga ana yi yake ɗauka, ba abin da aka faɗa a aji ba. Kada ka haɗa ɗan koyo da irin wannan gwani, komai saurin aikinsa. Ka zaɓi mai haƙuri, ko da a hankali yake, ka ce masa wannan ƙanenka ne, amanarsa na wuyanka.

Maganar waya ma sai an koya. Idan ana ba da umarnin kashewa ko maido da wuta ta salula, wanda aka faɗa wa ya maimaita abin da ya ji kalma bayan kalma, da sunan layi da lambar makunni, mai faɗa ya ce "haka ne" kafin a taɓa komai. Ba a yin alkawarin agogo, irin "ƙarfe biyu ka maido, mun gama kafin nan". Ba a maido da wuta sai shugaban aiki ya ƙirga mutanensa da ido, kowa yana ƙasa, an cire ɗaurin ƙasa, an sa hannu a takarda.

Kayan kariya kuwa, ka koya musu dubawa kafin sawa. Safar hannu ta roba aji-aji ce, an rubuta a bakinta: aji 00 na bolt 500, aji 0 na 1,000, wanda zai kusanci layin 20,000 yana bukatar aji 3, na 33,000 kuma aji 4. Kowace safiya a naɗe bakinta a matse iska a ciki, a kai kusa da kunci a saurara. Ramin da ƙayar aduwa ta yi ba ya ganuwa, amma za ka ji iskarsa. A sa ta fata a kai don kada waya ta yage ta, kuma kada a bar ta a gaban mota rana na dukanta, zafin Damagaram yana gasa roba ta tsattsage. Hular kwano da igiyar haɓa a ɗaure. Takalmi mai rufi, ba silifa ba. Tufafi na auduga mai dogon hannu. Rigar ƙwallo ta leda da samari ke so, in tartsatsin wuta ya same ta narkewa take ta manne da fata. Na san kamfanoni da yawa suna ƙyashin sayen kaya, safa ɗaya mutum huɗu. Wannan yaƙinka ne kai shugaba, ba na yara ba. Ka rubuta buƙata a takarda, ka ajiye kwafi, in babu kayan ka ce aikin ba zai yiwu yau ba. Za a ji haushinka, an ji nawa ba sau ɗaya ba.

Hawa sai a wata na biyu, kuma daga ƙasa-ƙasa. Mukan kafa poto a fili, yaro ya hau mita biyu, ya saki hannu biyu ya jingina da ɗamara har ya yarda za ta riƙe shi. Wasu sai sun yi kwana uku kafin su saki hannun. Kada ka yi musu dariya, kada ka bari a yi. Daga nan a ƙara tsawo. Ɗamarar ƙugu kaɗai ta tsayuwar aiki ce, wadda ke tare faɗuwa ita ce mai ratsa kafaɗu da cinyoyi, kuma ƙa'idar ita ce ba a taɓa kasancewa a sama ba tare da ƙugiya ɗaya a maƙale ba, ko lokacin tsallake ƙarfen da ke riƙe da kwalaben layi. Kafin a hau, a tambayi poton lafiyarsa. Na itace a buge shi da guduma a ji ko yana amsawa kamar ganga, a tona gindinsa kaɗan a soka ƙarfe, don gara daga ciki take ci ta bar bawo. Na siminti a duba tsagewa da rodin da ya fito ya yi tsatsa. Tsani kuma, duk mita huɗu na tsawo a ja gindinsa mita ɗaya daga poto, mutum ɗaya ya riƙe har a ɗaure kansa. A leƙa akwatin mita da ramukan poto kafin a sa hannu: na ga zirnaƙo ya sa ƙato ya saki komai a sama.

Ka tsara aiki da yanayin garinmu. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, aikin sama daga asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, da jarkar ruwa a inuwa. Da azumi na fi matsawa a kan haka, mai jiri ba ya hawa, kuma ba abin kunya ba ne ya faɗa. Da damina, in hadari ya haɗo daga gabas ko aka ji tsawa ko daga nesa, kowa ya sauko, don aradu na iya faɗa wa layi a wani gari ta biyo waya ta iso inda kake.

Ceto shi ne abin da aka fi mantawa a horo, ana ganin kamar kiran mugun abu ne. Ni duk wata uku sai mun yi. Mukan cika buhu da yashi kilo 70, mu sa masa ɗamara mu rataye a saman poto, kowane yaro ya hau ya sauko da shi da igiya, ina riƙe da agogo. Wanda ya rataye a ɗamara a sume ba ya jure dogon lokaci, kuma wanda zuciyarsa ta tsaya mintoci kaɗan gare shi. Abu na farko da za su riƙe: ba a taɓa wanda wuta ta kama sai an raba shi da ita, in ba haka ba gawa biyu za a ɗauka. In an sauko da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi a ƙasa mai tauri, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin santimita 5 zuwa 6, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura masa iska sau 2, a ci gaba ba tsayawa, wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. A ƙauye, tun kafin a fara aiki a san likita mafi kusa, a juya kan mota ya dubi hanya, mabuɗi a jiki. Ƙuna a zuba mata ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, ba man gyaɗa, ba ƙwai, ba man goge baki. Wanda wuta ta buga ya miƙe ya ce ba komai, shi ma a kai shi a duba zuciyarsa, don ɓarnar kuran a ciki take, ƙofar shigarta ƙarama ce. Sannan a rubuta haɗarin a kai wa CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, cikin lokaci, kada a rufe don gudun surutu, haƙƙin yaron ne.

Ka koya musu kuma yadda ake korar ƴan kallo. In waya ta faɗi ƙasa a unguwa, kafin ka ƙifta ido yara da masu kabu-kabu sun kewaye ta. Ƙasar da ke kusa da wayar ita ma tana ɗauke da wuta, mai dogon taku yana iya jan ta ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya. A tsayar da mutane nesa, aƙalla mita goma, wanda ya tsinci kansa kusa ya ja ƙafafu a haɗe a hankali ya fita. Mai unguwa da limami sun fi ka iya tsayar da jama'a, ka neme su.

Kowane ɗan koyo ina da littafinsa. In rubuta ranar da ya fara, abin da ya iya a gabana, abin da ya rage. Takardar lakkwal daban, izinin aiki daban. Yaro zai iya zuwa da difloma daga cibiyar koyon sana'a ko jami'a, amma izinin taɓa layi, wanda muke kira abilitasiyo, mai kamfani ne ke ba da shi bayan horo, da haruffan da ke nuna iyakarsa: B na ƙaramar wuta, H na babba, 0 ga wanda aikinsa ba na kuran ba ne, 1 ga mai aiki a ƙarƙashin wani, 2 ga shugaban aiki, C ga mai kulle layi. Kada ka sa hannu don an matsa maka, ko don uban yaron abokinka ne. Kuma ka tsaya a ba su ɗan abin sawa a aljihu a kan lokaci. Ɗan koyon da ke kwana da yunwa, da dare za a kira shi ya ja wa wani wutar sata a kan jika biyu, shi kaɗai, cikin duhu, da rabin ilmi.

Kowace safiya kafin a tayar da mota muna tsayawa minti goma. Ina za mu, wane layi, daga ina wuta ke iya zuwa, wa ke sama, wa ke ƙasa, wa ke riƙe da mabuɗi. Sai in tambaya ko jiya akwai abin da ya kusa faruwa. Da farko ba mai amsawa, sai na fara faɗar nawa. Daga nan mu yi addu'a mu tashi. Wani ya taɓa ce mini ai addu'ar ta wadatar, na ce masa an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu dogara ga Allah, je ka ɗauko kayan ƙasa.

Mai bakin nan na ranar wankin igiya, a shekararsa ta biyu muka je aiki wani ƙauye bayan Miriya. Rana ta yi, ina sauri mu gama kafin azahar, na ɗaure gaba na manta baya, wannan karon ba da gangan ba. Na sa ƙafa a tsani sai na ji an riƙe mini wando. Ya ce, "Baba, yi haƙuri, ba ka hawa. Ɓangaren gabas ba a ɗaure ba." Na duba, gaskiyarsa. Na sauko na miƙa masa sandar, ya je ya ɗaure da kansa ina tsaye ina kallo. Da muka koma gari na buɗe littafinsa na rubuta kwanan wata, washegari na kai sunansa ofis don a tura shi horon masu kulle layi, na saya masa kwaɗo sabo a kasuwar Dole, mai mabuɗi biyu, na jefa ɗayan a rijiya.